Matar Da Ke Jikin Allon Uzairu

"Wace ce wannan?"

Afra'u ta yi tambayar tana riƙe da tsohon zanin da ta fizge daga kan allon.

Uzairu ya tsaya cak a bakin ƙofar shagonsa da gwangwanin fenti a hannu. Ya dubi allon, ya dubi Afra'u, sannan ya dubi ƙawarta Bushra, wadda ta jingina da bango tana taunar cingam kamar ba ita ta kawo ta ba.

"Haskena... yaushe kika shigo Rano? Ko waya ba ki yi min ba."

"Da na yi waya ai da ka ɓoye ta! Na ce wace ce?"

Shagon nan Afra'u ta san shi ciki da bai. Allunan masu kemis da masu ɗinki ne jingine ko'ina, ga ƙyauren bayan wata motar ɗaukar kaya da ya zana wa zaki da dabino, kore shar, ja jawur, shuɗi har yana kashe ido. Da irin wannan aikin Uzairu ke cin abinci, kuma duk Rano an san hannunsa ba ya rowar launi.

Amma wannan allon daban yake. Babu kore, babu shuɗi. Komai nasa a kwance yake, ruwan ƙasa da ruwan toka, sai ɗan ja-ja kamar tsohuwar tukunya. Wata budurwa ce baƙa, sanye da hijabi ruwan toka, ta ɗan karkata kai tana miƙo kwanon sha. Bai zana idanun ba tukuna, amma kuncin kaɗai ya isa ya nuna an daɗe a kansa. Ba a yi wa allon kemis irin wannan lallashin.

"Ban gama ba," in ji Uzairu a hankali.

"Ba gamawarka na tambaya ba."

Ya ajiye gwangwanin. Ya sake satar kallon Bushra, sannan ya ce, "Ki dube ta da kyau, don Allah."

"Na dube ta! Har na ƙoshi!"

"Kuma ba ki gane ta ba?"

"A ina zan san ta? A gidanmu take kwana?"

Wani abu ya gifta a fuskarsa wanda Afra'u ta fassara da rashin gaskiya. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka a kan hannunta, daidai gaɓoɓin yatsunta. Da sauri ta cusa hannun cikin hijabi.

"Idan ba ki gane ta ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa sosai, "ni ma ban san ta inda zan fara faɗa miki ba."

Bushra ta tafa hannu. "Ikon Allah! Kin ji ko, ƙawata? Ko musu bai yi ba."

Afra'u ta yar da zanin a gabansa.

"An gode, Malam Uzairu."

Ta fice. Yana kiran sunanta har bakin titi, ko waige ba ta yi ba.

*

A motar komawa Kibiya ta zauna a kujerar baya ta jingina kai da gilashi. Hawaye na zuba tana gogewa a hankali, don ita fuskarta yanzu ba ta son murza.

Baƙa! Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Da fara ya zana, da ta ce an fi ta ne. Amma baƙa?

Ita ma ai da can baƙar ce. Ranar da Uzairu ya fara zuwa zance gidansu, kunya ta hana shi dogon bayani, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ni dai haskenki nake so." Ta kwana tana murmushi. Washegari ta kai wa Bushra labari, ita kuwa Bushra sana'arta ke nan, haɗa man shafawa tana tallarsa a waya.

"Haske ya ce? To ai ya faɗa miki a fakaice. Namiji ba ya fitowa fili ya ce ki gyara. Duk mazan yanzu haske suke so."

Daga ƙaramar kwalba aka fara. Aka koma babba. Aka ƙara da sabulu, aka ƙara da na dare. Kafin a sa musu rana, Afra'u ta zama fara sol, 'yan unguwa suna ce mata Balarabiya. Ta bi wayarta ta goge duk wani tsohon hotonta, ko ɗaya ba ta bari ba. Wanda take gani a madubi da wanda kyamarar waya ke ƙara wankewa, shi ta riƙe a matsayin fuskarta.

Gaɓoɓin yatsu ne kawai suka yi taurin kai. Ta jiƙa su, ta dirje su, ta ɗaure su da leda, suna nan baƙi ƙirin kamar masu jiran ranar tona mata asiri.

Kuma su ne Uzairu yake kallo. Ta daɗe da lura. Suna zance a soro, tana ba shi labari, sai ta ga idonsa ya zame ya koma kan hannunta ya kafe. Rannan har cewa ya yi, "Ɗan juyo hannunki wajen fitila in gani." Ta ƙi. Tun daga nan ba ta ƙara fitowa zance ba sai da safar hannu, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki.

A da ta ɗauka ƙyama yake yi. Yanzu kuwa lissafin ya canja. Ashe tuna masa wata suke yi!

*

Zargi in ya samu wurin zama a zuciya, komai ya gani abinci ne.

Uzairu ya kira, ba ta ɗauka ba, ta ce rashin gaskiya ke sa shi naci. Ya yi kwana biyu bai kira ba, ta ce yana can wajenta. Ya turo saƙo, "Haskena, ki ba ni dama mu yi magana mu biyu, ba a gaban kowa ba," ta nuna wa Bushra.

"Mu biyu? Don ya tsara ki ke nan," in ji Bushra. Ta gyara zama a bakin gadon Afra'u, ta rage murya. "Ni fa akwai abin da na ɓoye miki, don kar in zama mai raba aure."

"Faɗa min."

"A'a, bar shi kawai..."

"Bushra, don girman Allah!"

"To. An sha ganin babur ɗinsa a Fammar."

Fammar! Nan kusa da su, a ƙasar Kibiya. Wato yana baro Rano, ya zo har yankinsu, ya wuce ba tare da ya leƙo ya ce mata sannu ba.

"Wajen wa yake zuwa?"

Bushra ta ɗaga kafaɗa. "Ni ina zan sani? An dai ce can bayan gari yake ajiye babur ɗin, wajen kududdufi. Mai gaskiya yana ɓoye babur?"

Washegari Afra'u ta tuna tana da wata gwaggo a Fammar da ta daɗe ba ta gaisar ba. Gwaggon ta yi mamakin wannan zumunci na farat ɗaya, ta dama mata fura, amma baƙuwar ta kasa zama. Ta raka 'yan gidan ɗibar ruwa. Ta bi su gidan suna. Duk budurwar da ta gifta sai ta leƙa fuskarta, ta auna kuncinta, ta auna haɓarta. Wannan ta cika tsawo. Wannan hancinta bai kai ba. Waccan ta ɗan yi kama, amma da goyo a bayanta.

Har la'asar ba ta ga matar allon ba.

Wani zai ce hankalinta ya kwanta. Ina! Cewa ta yi lallai an ji labarin zuwanta an ɓoye yarinyar.

*

Kawu Ishiyaku ne ya riƙe Afra'u tun rasuwar mahaifinta, kuma dama can auren nan bai kwanta masa ba. Shi a ganinsa mutumin da ke yini yana zana zaki a bayan mota bai gama zama magidanci ba. Albarkacin mahaifiyarsa Inna Kulu, kakar Afra'u, ya sa ya karɓi kayan sa rana.

Da ya ga yarinya ta rame ta daina cin abinci, ya tsare ta. Ta fashe da kuka ta zayyana masa komai, Bushra na gefe tana cike gurbin da ta manta.

"Na faɗa!" Kawu ya buga carbinsa a cinya. "Na faɗa tun farko! Mutumin da zai zauna ya ƙura wa 'yar mutane ido har ya kwafe ta a katako, wane irin tsoron Allah ne da shi? A kira min shi. Ya zo da allon, in ga abin da idona, sannan ya kwashe kayansa."

Jin "ya kwashe kayansa" sai Afra'u ta ɗago da sauri. Ita fa so take a ja masa kunne, a sa shi ya rantse. Ba ta taɓa hango gidan da babu Uzairu a cikinsa ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, Bushra ta matse mata hannu.

"Ki daure, ƙawata. Gara yanzu."

Ranar Asabar bayan la'asar Uzairu ya iso, allon ɗaure a bayan babur, an naɗe shi da zanin nan dai. Ya rame shi ma. Ya cire takalmi tun daga soro, ya durƙusa a gaban tabarmar Kawu a tsakar gida.

"Barka da yamma, Kawu."

"Yauwa. Buɗe."

Afra'u na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, Bushra a bayanta. Uzairu ya jingina allon da jikin rumbu, ya janye zanin. Ranar yamma ta sauka a kan kuncin matar, launin ya yi ɗumi kamar za ta yi numfashi. Afra'u ta kau da kai.

Kawu ya gyara tabarau. Ya sake matsawa kusa.

Daidai nan Inna Kulu ta fito daga madafa tana dogara sanda.

"Wai hayaniyar me nake ji? Angona ne ya zo ba a faɗa min..."

Maganar ta tsaya. Sandar ta faɗi ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Wa ya dawo min da Afra'u?"



"Inna, ga ni nan ai," in ji Afra'u.

"Ke tafi can, na san kina nan! Wannan nake nufi. Wannan ce jikata da na yi wa wankan jego da uwarta. Dubi kuncin! Dubi yadda take karkata kai in za ta ba mutum abu, kamar mai neman gafara. Ishiyaku, kai ma ba ka gane ta ba?"

Kawu ya yi gyaran murya. "Na... na ga alama."

"Kuma wannan kwanon shan ai nawa ne. Ga lotsawar da ya yi ranar da akuya ta taka shi!"

Afra'u ta tako a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ta tsaya gaban allon. Hijabi ruwan toka... ta taɓa yin irinsa, na islamiyya, wanda ta daɗe da bayarwa. Kwanon kuwa ko yanzu yana kan randa.

"Ba ni ba ce," ta ce a raunane. "Ni ban kai haka baƙi ba."

Sai a lokacin Uzairu ya ɗago.

"Kawu, a ba ni izini in yi magana?"

"Yi."

"Ranar da na fara ganinta, na zo rubuta allon islamiyyar unguwar nan ne. Rana ta dake ni, na roƙi ruwa a ƙofar gidan nan, ita ta kawo min. Ban taɓa ganin rana ta zauna a fuskar mutum ta yi kyau irin na ranar ba. Shi ne da na zo zance na ce haskenta nake so. Ban san maganata za ta zama haka ba."

Afra'u ta dafe ƙirji.

"Na so in ba ta wannan allon ranar da za a kai ta ɗakinta. Na nemi tsohon hotonta, ta ce ta goge. Na gwada fentin kanti, duk ya cika ihu, in na haɗa sai ya fito kamar roba. Shi ne na ajiye su, na koma launi huɗu kawai: farar ƙasa, gawayi, jar ƙasa, da wata ƙasa mai ruwan ɗorawa. In daka, in tankaɗe, in kwaɓa da ƙaro. Jar da ta dace kuwa ban same ta ko'ina ba sai a kududdufin bayan Fammar."

"Shi ya sa kake ajiye babur a can..." Afra'u ta faɗa kamar mai magana da kanta.

"In na biyo ta nan da buhun ƙasa, za ki tambaye ni."

"To ba hoto, ba komai," in ji Kawu, wanda ya manta da fushi yake, "da me ka auna launin?"

Uzairu ya dubi Afra'u, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Haskena... cire safar hannunki."

Ta girgiza kai.

"Don Allah. Sau ɗaya."

Inna Kulu ta ce, "Cire mana, 'yar nema! Wa zai cinye miki hannu?"

Ta zare safar a hankali. Abin da ta fi ɓoyewa a duniya ya fito fili a gaban kowa, farin hannu da baƙaƙen gaɓoɓi.

"Ki dunƙule, ki kai kusa da kuncinta."

Ta kai.

Babu bambanci. Ko kaɗan. Gaɓoɓin yatsunta suka ɓace a jikin kuncin matar, ba ka iya cewa ga inda fata ta ƙare ga inda ƙasa ta fara.

"Nan ne kaɗai kika rage min," in ji Uzairu. "In na zo zance sai in kalla in haddace, in koma shago in haɗa kafin ya gudu daga idona. Da kika fara sa safa, aikin ya tsaya."

Afra'u ta durƙushe a wurin ta saki kuka mai cin rai. Makonni tana zagin matar nan a zuciyarta. Ta kira ta mummuna, ta kira ta mayya, ta je har Fammar farautarta. Ashe a gidansu take kwana.

Inna Kulu ta juya tana neman wani da ido.

"Ke Bushra! Ke da kuka tashi tare, kuka yi islamiyya da hijabi iri ɗaya, ke ma ba ki gane ta ba?"

Bushra ta fara in-ina. "Ni... ai Inna, zanen ne bai fito sosai..."

"Ranar da ta zo a rubuta mata allon tallar manta ta gan shi," in ji Uzairu ba tare da ya dube ta ba. "Tana ɗaga zanin ta ce, 'Kai, Afra'u ta da!' Na roƙe ta ta riƙe min sirri. Ta ce in dai baƙa nake so, ai ita ba ta taɓa shafa abin da take sayarwa ba."

Afra'u ta ɗago jajayen idanu ta dubi ƙawarta. Sai yau ta lura, duk shekarun nan Bushra ba ta ƙara haske ko na ƙwayar gero ba.

Bushra ta ɗauki jakarta. Har ta kai soro babu wanda ya ce ta gaida gida.

Kawu ya juyo kan Uzairu. "Kai kuma bakinka ciwo yake yi? Kana kallo yarinya tana ƙona fatarta saboda kai, ka kasa cewa ta bari, sai ka tafi kana haƙar ƙasa kamar gafiya?"

"Na ji tsoron kar ta ce na raina ƙoƙarinta, Kawu. Ranar shago kuma na kasa faɗa a gaban mutane. Laifina ne."

"Laifinka ne mana!" Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya sake duban allon, ya daɗe, sannan ya kau da kai yana gyara hula. "Rana tana nan yadda aka sa. Amma ka ji da kyau, wannan abin ba za a rataya shi a bango ba."

"To, Kawu."

Da manya suka ba su wuri, Afra'u ta share hawaye da bayan hannu, ba ta ɓoye shi ba.

"Yaya Uzairu... ka yafe min."

"Ke za ki yafe min, masoyiyata. Da na yi magana da baki tun farko..."

"Idan na daina shafa man, ba lallai fatar ta dawo yadda take ba fa. An ce sai fata ta yi dabbare-dabbare."

"Ko yaya ta dawo, ina da ƙasarta a shago."

Ta yi dariya cikin kuka. "Me ya sa ba ka yi mata idanu ba?"

"Ina jira ki daina kau da su daga kanta."

*

Ba ta dawo da sauƙi ba. Fuskar ta yi ƙuraje, ta yi ɓawo, wani wuri ya riga wani duhu. Akwai safiyar da Afra'u ta kifa madubi ta ce ba za ta fita ba, Inna Kulu ta zauna kusa da ita tana shafa mata man kaɗanya tana tsokanarta har ta yi dariya. A wajen biki ma sai da wasu gwaggwanni suka yi ta ƙus-ƙus, wai wace irin amarya ce wannan ba a gyara ta ba, ko haske ba ta yi.

Ango dai bakinsa ya ƙi rufuwa.

Bayan an watse biki da wasu watanni, wata safiyar Juma'a a gidansu na Rano, ya fito da allon daga bayan sif, inda yake zaune saboda alƙawarin Kawu. Ya jera 'yan kwanukansa huɗu a tabarma. Afra'u ta zauna a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ta ɗan karkata kai ba tare da ta sani ba.

"Kalle ni, Haskena."

Ta kalle shi.

Ya ɗebi jar ƙasa, ya ɗiga gawayi, ya juya da buroshi. Ta miƙo masa hannu ta dunƙule yatsu, don ya auna.

Ya yi murmushi, ya kama hannun ya mayar mata kan cinya.

"Ajiye shi," ya ce. "Yau a fuskarki zan duba."